Giɓin Makara

A tsohon garin Birnin Kudu, can inda gidaje suka rarrafa suka hau jikin dutse, akwai wani lungu da bai taɓa miƙewa ba tun da aka san shi. Yana farawa daga bakin masallacin gangare, ya hau yana karkacewa tsakanin katangun laka da manyan duwatsu, har ya kai gidan ƙarshe, wanda bayansa babu komai sai falalen dutse da awaki. Mutanen da suka fara zama a wurin ba su ture dutse ko ɗaya ba. Duk inda dutse ya tsaya, hanya ce ta kauce masa.

A tsakiyar hawan akwai wurin da lungun ya karye gaba ɗaya. Mai saukowa sai ya ga wani ƙaton dutse ya tare gabansa, dole ya juya hagu a matse, kafaɗarsa tana gogar katanga. Wurin ake kira Gwiwa. Katangar da ake goga, ta gidan Badaru ce.

Duk katangun lungun sun fi mutum tsawo, ban da wannan kusurwa. A nan katangar iyakarta ƙirji, kuma da gangan aka bar ta haka. Dalili shi ne makara. Idan an yi rasuwa a gidajen sama aka sauko da gawa, makara ba ta iya juyawa a Gwiwa saboda tsawonta. Sai masu ɗauka su ɗaga ta sama, bayanta ya ratsa ta kan gajeriyar katangar, ya gifta ta saman tsakar gidan Badaru, sannan a miƙe da ita zuwa gangare. Shi ya sa ake ce wa wurin Giɓin Makara. Kakan Badaru ya tarar da shi haka, ubansa ya bar shi haka, shi ma ya yi shekaru yana yaɓe katangar duk kaka bai taɓa ƙara mata ko taƙi ɗaya ba.

Abin da ya riƙa ba Badaru mamaki tun yana saurayi shi ne, ƙofar gidansu a ƙasan Gwiwa take. Gawar gidansu ba ta taɓa bin giɓin ba, ba kuma za ta bi ba. Su ne suke zaune da tsakar gida a buɗe, wasu ne suke amfana. Ya taɓa tambayar ubansa wannan magana, tsohon ya ce masa ai ba a banza suke zaune ba, alkawari ne mai fuska biyu. Gidan yana barin giɓi, masu wucewa kuma suna kau da kai. Haka kuwa ake yi a lokacin. Duk namijin da ya zo Gwiwa sai ya juyar da fuskarsa wajen dutse har ya wuce, ko da tsakar gidan babu kowa. Duk yaron da ya leƙa, kafin ya kai gida labari ya riga shi, dorina tana jiransa.

Yanzu Badaru ya haura sittin. Gemu ya yi fari, baya ya fara ƙi. Da can magini ne, har Gwaram da Fagam ana kiransa ya ɗora soro, amma tun da bulo da siminti suka ci gari sai ya koma gonarsa ta gero da wake. Lungun ma ya sauya. 'Yan acaɓa sun gano suna iya hawa har Gwiwa kafin su sauke fasinja, kuma wanda yake bayan babur ya fi mai tafiya a ƙasa ganin cikin gida. Ga baƙi masu zuwa kallon duwatsu, ɗaliban makarantu da malamansu, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoton lungu. Babu wanda ya gaya musu ana kau da kai, in ma an gaya musu sai su tambayi dalili.

Matarsa Barira ta daɗe da sabawa. Ta mayar da murhu bayan ɗaki, ta rataya zana a giɓin. Awaki suka hau dutse suka cinye rabinta, yara suka huda sauran, iska ta ƙarasa. Ta sake wata, aka sake yin haka. Daga nan ta haƙura, ta ce ita tsohuwa ce, mai kallo ya kalla.

Sai ga mutuwa ta faɗo daga inda ba a zata ba. Mijin 'yarsu Ummussalma, wani bakanike da yake zaune a ɗakin haya a Basirka, ya kwanta zazzaɓi bai tashi ba. Ba shi da dangi a garin, ita kuma ga jinjiri a hannu. Aka ɗauko ta a motar kasuwa aka kawo ta gida ta yi takaba a gaban iyayenta.

Bazara ce, irin wadda dutse yake shan rana tun safe ya yi ta amayar da ita har bayan magariba. Ɗakunan gidan kamar tanda suke. Wuri ɗaya ne mai sanyi, gindin darbejiyar tsakar gida, ita kuwa tana daidai saitin giɓin. Kwanakin farko Ummussalma takan fito da tabarma ta zauna a nan, lulluɓe da mayafi, tana shayar da yaron. Wata rana da hantsi ta cire mayafin tana wanke masa tsumma, sai ta ɗaga kai ta ga samari uku a kan matattakalar dutse, ɗaya ya ɗaga waya yana juyawa da ita a hankali, daga dutsen zuwa katanga, daga katanga zuwa cikin gida. Wataƙila lungun yake ɗauka. Wataƙila bai ma lura da ita ba. Ba ta tsaya tantancewa ba, ta suri yaron ta shige ɗaki.

Daga ranar ba ta ƙara zama a tsakar gida ba. Sai in za ta kewaya, ta fito a lulluɓe ta koma da sauri. Barira ta yi lallashi ta yi faɗa, a banza. Yaron ya fito da ƙurajen zafi a wuya da baya, kukansa ya dishe. Ita kanta ta rame, idanunta suka faɗa. Badaru in ya dawo daga sharar gona yakan tsaya a bakin ƙofarta ya yi sallama, ta amsa daga ciki da ƙaramar murya, ya ji zafin ɗakin yana bugo labule kamar numfashin dabba.

Ya fara zuwa wurin Bappa. Bappa shi ne dattijon gidajen sama, shi yake jagorantar haƙar kabari da ɗaukar gawa tun Badaru yana yaro. Ya same shi a zaure yana gyaran igiyar guga, ya gaya masa yana so ya cike giɓin, ko da na lokacin takabar ne kawai. Bappa bai ɗaga kai ba. Ya ce mutuwa ba ta san wata huɗu ba, kuma katangar da aka ɗora da sunan ɗan lokaci bai taɓa ganin wadda ta sauko ba. Badaru ya ce masa ai su mutanen sama ne suka fara karya alkawarin, don jikokin Bappa ma suna wucewa ido buɗe.

"To sai ka rama a kan matattu?" in ji Bappa. "Su ne suka leƙa maka gida?"

"Su ba sa jin zafi, Bappa. Tawa tana ji."

"Kai dai ƙofarka tana ƙasa, shi ya sa bakinka ya yi tsawo. Da ta sama take da ba ka hawo da wannan magana ba."

Badaru ya sauko da maganar tana ci masa rai, domin ya san akwai gaskiya a cikinta.

Bayan la'asar ya tari Malam Khuzaima, limamin masallacin gangare, wanda gidansu ne yake riƙe da makarantar Islamiyya ta unguwar tun kakanni. Malam ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce katangarsa ce, a filinsa take, babu littafin da ya wajabta masa barin gidansa a buɗe, kuma suturta iyali nauyi ne a wuyansa. Badaru ya ji sanyi. Sai Malam ya ƙara da cewa mutunta gawa ma nauyi ne a wuyan jama'a, shi kuma yana cikin jama'a. Badaru ya tambaye shi to wanne ya fi nauyi. Malam ya shafa gemu ya ce shari'a ba ta hana shi ba, amma shi bai ce ta umarce shi ba. Badaru ya yi godiya ya tashi. Ya zo da kaya ɗaya a ka, ya koma da shi an ɗaure masa shi da kyau.

Ya yi kwanaki yana juya abin. In yana sassabe a gona sai ya tsaya da fartanya a hannu yana tambayar kansa: alkawarin da mutum bai ɗauka da bakinsa ba, ya gada ne kamar yadda ya gaji gida, yana kansa? In ɗaya ɓangaren ya saki nasa bakin igiyar, shi zai ci gaba da riƙo har yaushe? Amma kuma wa ya saki? Tsofaffin sama har yau suna kau da kai. Waɗanda suke leƙe ba su ne za su fara bin giɓin a makara ba. Duk inda ya juya maganar, wanda zai biya ba shi ne ya ci ba.

Ana cikin haka Inna Batulu ta sauko. Ita ce mai gidan ƙarshe a can sama, tsohuwa 'yar ƙarama da sanda ta fi ta tsawo. Ita ce ungozomar lungun, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Ita ta yanke wa Ummussalma cibiya. Saukowar ta ɗauke ta rabin hantsi, tana hutawa a kan kowane dutse. Ta shiga ɗakin Ummussalma ta daɗe, ta fito gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Ta zauna a gindin darbejiya ta sa aka kira mata Badaru.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar da kyau ba, ta nuna ɗakin da sandarta.

"Kai magini ne ko mai gashin masara? Ka sa mini yarinya a tanda kana jira ta nuna?"

Ya fara yi mata bayanin Bappa da na Malam, ta katse shi. Ta ce ta ji duka, lungun nan ko tusa aka yi a gangare sai an ji ta a sama.

"Ɗan nan, na wanke mata sun fi gashin kanka yawa. Ban taɓa jin wadda ta ce mini rana ta dame ta ba. Cike giɓin nan."

"Inna, in aka yi rasuwa fa?"

"Wa ya rage a sama da ya fi ni kusa? Bappa? Wannan ko mutuwa ta zo sai ya tsaya yi mata gardama. Ni ce a gaba. In tawa ta zo a karkata makarar a tsaye, a juya da ni. Ni da ban fi buhun dusa nauyi ba, me zai gagara?"

Barira ta ce Allah ya ƙara nisan kwana, Inna ta ce ta bar yi mata mugun fata. Da za ta tafi ta sake tsayawa a bakin zaure ta maimaita maganar da ƙarfi don masu wucewa su ji. Daga baya Badaru ya ji cewa duk gidan da ta huta a hanyar komawa sai da ta faɗa: ita Batulu ta yafe giɓi, a karkata ta.

Washegari ya kwaɓa ƙasa. Ya yi tubali da hannunsa, ya shanya su a kan dutse, rana ta busar da su cikin 'yan kwanaki. Ya ɗora su shi kaɗai, bai nemi taimakon kowa ba, babu kuma wanda ya yi tayi. Hannunsa bai manta aikin ba, bayansa ne ya manta. Da ya kai katangar daidai da sauran ya yaɓe ta ciki da waje, ya sauko daga tsani.

Ummussalma ta fito. Ranar farko ta zauna a bakin ƙofa tana kallon sabuwar katangar kamar ba ta yarda da ita ba. Rana ta biyu ta kai tabarma gindin darbejiya. Kafin mako ya zagayo ta karɓi tsintar wake daga hannun uwarta, ƙurajen yaron suka bushe, har wata rana Badaru ya jiyo dariyarta daga zaure, gajeriya, kamar ta kuɓuce mata ne. Ya tsaya da buta a hannu har sai da ya tabbata ba za ta sake ba, sannan ya ci gaba da alwala.

Amma shi bai samu hutun da ya zata ba. Mutanen sama ba su yi masa faɗa ba, gaisuwarsu ce ta gajarce. A masallaci Bappa yakan ba shi hannu yana kallon wani wuri. Abin da ya fi damunsa ma ba wannan ba ne. Ya lura kunnensa ya koma sama. In ya ji tari daga gidajen can sai ya tsaya ya kasa kunne. In aka ce wane ba shi da lafiya, shi ne na farkon hawa dubiya, har mutane suka fara cewa Badaru ya zama mai zumunci. Shi kuwa in yana saukowa sai ya tambayi kansa, lafiyar mutumin ya je dubawa ko katangarsa? Ya yi ta addu'ar Allah ya ba tsofaffin sama tsawon rai, ya kuma san addu'ar ba ta da tsarki, don ƙarshenta a ransa shi ne: har yarinyar ta fita takaba.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Gero ya fara tsayawa da ƙafarsa. Wata safiya bayan an kwana ana yayyafi, Badaru yana ɗaura fartanya a keke sai ya ji salati daga sama, muryoyin mata, irin wanda ba a tambayar ma'anarsa. Ya jingine keken. Kafin ya kai Gwiwa ya haɗu da mai saukowa da labari. Inna Batulu ce ta rasu. Ta yi sallar asuba ta koma ta kishingiɗa, jikarta ta kawo mata koko ta tarar babu rai.

Aka yi mata wanka, matan da ita ta koya wa suka yi. Aka hau da makara daga masallacin gangare. Hawa da ita babu kowa a ciki ba wuya, mutum biyu suka tsayar da ita suka juya a Gwiwa kamar tsani. Badaru yana bayansu, ya ga yadda suka yi, ya ga kuma yadda Bappa ya tsaya ya dubi sabuwar katangar daga ƙasa har sama.

A ƙofar gidan Inna, bayan an fito da ita an shimfiɗa a makara an rufa tabarma, Bappa ya yi magana a gaban jama'a. Ya ce kowa ya ji abin da marigayiya ta faɗa da bakinta, ta ce a karkata ta, to za a karkata ta. Ya sa aka kawo rawani biyu aka ɗaure tabarmar da jikin makarar, ɗaya a ƙirji ɗaya a gwiwa. Malam Khuzaima ya ce babu laifi, larura ce, kuma mai hakki ta yafe. Babu wanda ya kalli Badaru. Da sun kalle shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ya sa kafaɗa a gaba ta dama, wajen ƙafafunta. Da gaske ba ta da nauyi. Aka fara sauka a hankali saboda santsin dutse, ana karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, amma shi bai ba kowa wurinsa ba. Lungun ya yi ta juyawa da su, ta gaban zaurukan da ta shiga da tsakar rana da tsakar damina ta karɓi haihuwa, har suka iso Gwiwa.

Bappa ya ba da umarni. Na gaba su durƙusa su sauke hannu, na baya su ɗaga sama. Badaru ya durƙusa, gwiwarsa a kan jiƙaƙƙen dutse. Makarar ta fara miƙewa tsaye. Ta kai rabi, ta wuce rabi. Sai ya ji wani ɗan motsi a cikin tabarmar, abu ya zame kaɗan, bai fi taƙi ɗaya ba, sannan ƙafafunta suka taɓa katakon ƙarshen makarar, daidai kunnensa. Ƙaramin sauti ne, kamar an ajiye ludayi a kan akushi. Wataƙila shi kaɗai ya ji.

Ta yafe, gaskiya ne. Malam ya ce babu laifi, shi ma gaskiya ne. Amma a durƙushen nan Badaru ya ga abin da ya kasa gani wata da watanni. Tsohuwar ba ta da gona, ba ta da akuya, ba ta da abin da za ta ba yarinyar da ta yanke wa cibiya. Abu ɗaya ta mallaka a lungun nan, wucewa a kwance kamar kowa, shi ta ciro ta bayar. Shi kuma ya sa hannu biyu ya karɓa, don ta ce ya karɓa. Ba duk abin da aka miƙo maka ake karɓa ba. Yunwa ce takan sa baƙo ya cinye tuwon da mai gida ya rantse ya ƙoshi.

"A dakata," in ji shi.

Bappa ya ce ba a dakatawa da gawa a tsaye. Badaru ya ce to a mayar da ita kwance, a ja baya kaɗan. Wani daga baya ya ce ai ita ta ce. Badaru ya ce ya sani, a gabansa ta faɗa. Sannan Bappa ya ɗaga hannu, aka kwantar da makarar, aka ja da baya. Babu wuri mai faɗi da za a ajiye ta, sai suka tsaya da ita a kafaɗa. Wani ya karɓi wurin Badaru.

Ya zagaya ta ƙasa ya shiga gida. Ummussalma tana gindin darbejiya, yaron yana barci a cinyarta, idanunta sun kumbura da kuka. Duk abin da aka faɗa a bayan katangar ta ji. Ta ga ya nufi inda diga take.

"Baba, ta ce a karkata ta."

"Ta ce."

"Saura wata guda fa, Baba."

"Na sani, uwata."

Ya jira ko za ta ƙara wani abu, ko ta ce ya fasa, ko ta ce ya yi. Ta ɗauki yaron a hankali don kada ya farka, ta naɗe tabarmar da hannu ɗaya, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Katangar ta yi ƙarfi, don da kyau ya gina ta. Sara na farko diga ta dawo masa har kafaɗa. Ya hau tsani ya fara daga sama, yana turo tubalan cikin gidansa don kada su faɗa kan masu makara. Laka ta cika masa ido da gemu. Ta ɗaya gefen mutane suna tsaye da gawa a kafaɗa, wani dattijo yana maimaita kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Da ya gaji, wasu samari biyu suka kama daga waje suna ɓamɓarewa da hannu. Ɗaya daga cikinsu jikan Bappa ne. Aka sauko da katangar har tsohon layinta, inda sabuwar laka ta rabu da tsohuwa da kanta kamar dama jira take.

Aka ɗaga makarar. Bayanta ya ratso ta kan giɓin, inuwarta ta gifta gindin darbejiya inda tabarma take ɗazu, ta wuce. Badaru ya wanke fuska ya bi su. Aka yi salla a filin masallaci, aka kai ta makwancinta.

Da aka dawo babu wanda ya yi masa godiya, shi ma bai sa rai ba. Bappa dai da suka zo rabuwa a Gwiwa ya tsaya ya juyar da fuskarsa wajen dutse, ya daka wa yaran da suke biye da shi tsawa su ma su juya. Suka juya suna ƙunshe dariya. Suna wucewa sai ga ɗan acaɓa ya hawo da fasinja, fasinjan ya miƙa wuya ya kalli tarin ƙasar da ke tsakar gidan, ya tambayi ko ruwan jiya ne ya yi ɓarna.

Badaru ya shiga gida ya tarar Barira tana share ɓaraguzai. Ya tsuguna yana ware tubalan da ba su fashe ba, yana jera su a gindin katanga. Ta tambaye shi ko mayarwa zai yi. Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda rufin gidajen suke hawa kan juna har zuwa falalen dutse. Bappa yana can, da wasu tsofaffin da Inna ta bari, kuma babu wanda ya yafe masa komai a cikinsu. Ya ce a bar su nan tukuna. Ta ce ruwa zai narkar da su. Ya ce ya sani.

Rana ta karkata, hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma bai kawo iska ba. Ɗakin ya ɗau zafi, yaron ya farka yana kuka. Can sai labulen ya motsa. Ummussalma ta zauna a bakin ƙofa daga ciki, mayafi har goshi, ta miƙo ƙafafunta waje, ta ɗora yaron a kansu yadda zai sami ɗan sanyi. Inuwar darbejiya tana nan taku kaɗan daga inda take, babu kowa a cikinta. Badaru ya ɗebo ruwa a randa ya ajiye mata kusa da hannu, ta ce sannu Baba, ba ta ɗago ba. Ya koma ya ci gaba da jera tubalan.